Tsoho Biyu, Sabo Babu

Ranar Talata da hantsi Sufeto Abdurrahim yana zaune a caji ofis, ya tasa koko da ƙosai a gaba, sai ga Khalid mai gidan gem ya faɗo kamar an jefo shi. Rungume yake da wani baƙin akwatin ƙarfe mai gilashi a gefe guda. A bayansa samari biyu sun riƙo Dalhatu mai gyaran kwamfuta, ɗaya ta wuyan riga, ɗaya ta hannu.

Wanda bai san Khalid ba, shi ne dogon nan da ya buɗe shago kusa da tashar Rano, inda ƙarti ke wuni suna harbin mutanen da ke cikin allo. Uwarsa ta so ya zama malamin asibiti. Allah bai nufa ba.

"Yallaɓai, an yi mini sata!"

Sufeto ya ajiye ludayi. "Me aka sata?"

"Katin hoto. Sabo fil, sati biyu ke nan da na ɗauko shi a Kano."

"A ina yake aka ɗauke?"

"A cikin kwamfutar nan." Ya dire akwatin a kan tebur, saura ƙiris ya kifar da kokon.

Sufeto ya leƙa ta gilashin. Ya ga wayoyi, ya ga wani abu kwance kamar bulo mai fanka uku a cikinsa.

"Wannan mai fankar fa, mene ne?"

"Katin hoto ne."

"To ai ga shi nan."

"Ba shi ba ne, yallaɓai."

Sufeto ya dubi Kofur Mahdi, Kofur Mahdi ya dubi silin. Shekara ashirin da shida Sufeto yana aikin ɗan sanda, ya kamo ɓarayin shanu, ya kamo ɓarayin babura, har wanda ya sace ƙofar masallaci ya taɓa kamowa. Amma bai taɓa ganin mutum ya zo ƙarar sata rungume da abin da aka sace masa ba.

Khalid ya shiga bayani, bakinsa har kumfa. Wai shi wannan katin shi ne ke zana duk abin da ake gani a allo, kamar yadda inji ke jan mota. Wai masu ƙera shi sukan fito da sabon samfuri, to akwai na da, akwai na yanzu. A ido kamarsu ɗaya, kamar Hassan da Hussaini. Amma na da hoto sittin yake zanawa cikin daƙiƙa guda, na yanzu kuwa ya haura ɗari.

"Tsaya," in ji Sufeto. "Kai ka zauna ka ƙirga hoto ɗari cikin daƙiƙa?"

"Lamba ce ke fitowa a kusurwar allo. Ranar Lahadi ɗari da sha takwas take nunawa. Jiya na kunna, sittin da ɗaya. Na duba sunan katin, sai na ga na da ne. An cire mini na yanzu an cusa mini tsoho!"

Sufeto ya sake leƙawa. A bayan katin akwai wata siririyar leda manne, irin wadda ke zuwa da kaya daga kamfani.

"Kai yaro, ka ji tsoron Allah. Abin da ko ledarsa ba a ɓare ba kake ce wa tsoho?"

"Nawa ba shi da leda, yallaɓai. A gabana Dalhatu ya ɓare ta ranar da ya saka mini."

"Wato ɓarawo ya ɗauke marar leda, ya bar maka mai leda."

"Ƙwarai."

"Ikon Allah," in ji Sufeto. Ya jawo takarda ya rubuta *leda*, ya ja layi a ƙarƙashi, don bai san me kuma zai rubuta ba.

Da aka bi diddigi, ga yadda akwatin ya yi yawo. Ranar Lahadi an yi gasar gem tsakanin samarin Rano da na Kibiya, a shagon Ɗanladi da ke Kibiya. Khalid ya kai kwamfutarsa don ya nuna musu sabon kati, ya kuma ci su tas. Da aka tashi, shi a babur ya zo, sai ya bar ta saƙo a hannun Alhaji Bappa direba, kamar yadda kowa ke barin saƙonsa. Litinin da safe Alhaji Bappa ya sauke ta a shagon Dalhatu don a hure mata ƙura. Da la'asar Khalid ya karɓa.

"Kuma da bakinsa ya ce mini ya buɗe ya hure," in ji Khalid, yana nuna Dalhatu.

Sufeto ya juya. "Ka buɗe?"

"Ban buɗe ba, ranka ya daɗe."

"Amma ka ce masa ka buɗe?"

"Na ce."

"To wanne ne ƙaryar, ta jiya ko ta yau?"

Dalhatu ya sunkuyar da kai. "Ta jiya. Iyalina ce ta haihu, jibi Alhamis suna. Jiya wuni na yi ina zirga-zirgar itace da shinkafa. Da ya zo karɓa kunya ta kama ni, na ce na gama."

Wannan gaskiya ne. Halima Sadiya matarsa shekara bakwai tana jiran haihuwa, babu irin maganar da ba ta sha ba a bakin dangin miji, sai bana Allah ya kawo namiji. Duk unguwa an ɗaura ɗamarar wannan suna.

Sufeto ya sa aka kwance gilashin, ya shafa yatsa a ƙasan akwatin. Yatsan ya fito ja wur da ƙurar hanya.

"Hurawa dai ba a hure ba," ya ce. "Amma mai cire kati ba sai ya share ɗaki ba."

Babban jami'in ofis ya leƙo, ya ji bayani sama-sama. Ya ce kaya a hannun Dalhatu suka wuni, kuma ya yi ƙarya, saboda haka a ajiye shi bayan kanta. In ba a samo wani ba, Alhamis da safe kotu.

"Alhamis, ranka ya daɗe?" in ji Dalhatu. "A raɗa wa ɗana suna ina gaban alƙali?"

Kofur Mahdi ya karɓi hularsa da takalmansa.

*

Da azahar Sufeto ya bi Khalid gidan gem. Zato yake ko Dalhatu tsohon katin Khalid ya mayar masa ya riƙe sabon. Sai ga tsohon katin Khalid kwance cikin kwalinsa a kan kanta, babu abin da ya taɓa shi.

Aka jera su a tebur, wanda aka ciro daga akwati da wanda ke kwali. Aka saka wannan aka kunna, sittin da ɗaya. Aka cire aka saka wancan, sittin da ɗaya. Sufeto ya ƙura wa allo ido har ya fara ganin jiri. Wani soja ne ke ta gudu cikin kango, shi dai bai ga abin da ya rage wa sojan ba.

"To da sabon ne, me zan gani?"

"Da ka ga inuwa kamar ta gaske, yallaɓai. Da ka ga fuskarka a cikin ruwa. Ga shi ba ya cijewa in an yi harbi da yawa."

"Ba shi da aibi ke nan?"

"Sai shan wuta. Na yanzu ya fi na da cin wuta nesa ba kusa ba. Sai da na canza akwatin wutar cikin kwamfutar na sa babba, in ba haka ba da an shiga wasa za ta ɗauke."

Sufeto ya rubuta: *Tsoho biyu. Sabo babu. Yana cin wuta.* Ya karanta abin da ya rubuta, sai ya ji kamar ba shi ya rubuta ba.

Ya ɗauki katin mai leda ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Nan fa ya ga abin da ya sani. Sufeto mutum ne da kujerun falonsa ke cikin leda tun bikin ƙanwarsa, matarsa ta yi mita har ta gaji. Ya san kalar sabuwar leda, ya san ta tsohuwa. Wannan ta yi ruwan ɗorawa, bakinta ya naɗe, tsakiyarta ta yi tamoji saboda zafi.

"Wannan ledar ta kai shekara biyu a jikin abin nan," ya ce.

"Shi ya sa nake ce maka tsoho ne, yallaɓai."

"To ai yanzu ka yi Hausa."

*

Da ya koma ofis, ya tarar da Alhaji Bappa direba zaune a benci da carbi. Shekara talatin da huɗu yana jan mota tsakanin Kibiya, Rano da Kano. Mata kan ba shi gwal ya kai Kano, ba a taɓa jin ko ɗan kunne ya ɓata ba. In liman ya makara a masallacin tasha, shi ake turawa gaba.

"Sufeto, na zo ne a kan yaron nan Dalhatu. A ba ni belinsa. Ni na san ubansa."

"Ba a hannuna yake ba, Alhaji. Amma tunda Allah ya kawo ka, akwatin nan a ina ya kwana ran Lahadi?"

"A zaurena, tare da buhun barkonon wata mata. Ni ko ta inda ake kunna shi ban sani ba. Wannan wasan zaman banza da ya lalata mana yara? Allah ya kiyaye. Da ana jin maganata da an rufe gidajen nan kaf."

"Haka ne, Alhaji."

"To ko gaisawa a bar ni mu yi da shi."

Aka bar shi. Ya daɗe a bakin ƙarfen yana magana ƙasa-ƙasa. Bayan ya tafi, Kofur Mahdi, wanda Allah ya hore wa kunne kamar na zomo, ya matso.

"Yallaɓai, tambaya Alhaji ya yi masa. Wai wani abokinsa ne kwamfutarsa ke mutuwa da kanta da zarar ya hau titi."

"Ya hau titi da kwamfuta?"

"Haka na ji."

"A mota, ko a ka?"

"Bai faɗa ba, yallaɓai."

Sufeto ya dafe goshi. Ya taka wurin Dalhatu da kansa, ya same shi zaune a siminti ya haɗa kai da gwiwa.

"Me ka ce wa Alhaji?"

"Na ce ko wuta ce ta yi mata kaɗan, ko zafi ne. Ranka ya daɗe, ni yanzu ba ta kwamfutar wani nake ba."

"Mutum nawa ke saka irin katin nan a ƙasar nan?"

"Mu biyu ne, ni da Ɗanladi na Kibiya. Ni kuma ban taɓa barin leda a jikin kati ba, zafi take tarawa. Ka tambayi kowa."

*

Laraba da safe motar ofis ta tafi ƙauyen Saji wani aiki, sai Sufeto ya sa kaftani ya nufi tasha. Motar da ke kan layin Kibiya ta Alhaji Bappa ce. Aka ba shi gidan gaba.

Zamansa ke da wuya ya zame. Ya gyara, ya sake zamewa. Kujerar cikin leda take, haka duk kujerun motar, wasu an yi musu faci da salatif. Abin tare rana cikin leda. Rediyo cikin leda. Wayar Alhaji Bappa ma da ke kan dashbod naɗe take, sai ya danna da ƙarfi take amsawa.

"Alhaji, motar nan sabuwa ce?"

"Shekararta tara." Ya sa giya yana murmushi. "Ai abu da ledarsa ake sanin darajarsa. Yaran yanzu da sun sayi abu sai su yi masa tsirara."

"Wallahi haka nake faɗa wa maiɗakina," in ji Sufeto, har da gyaɗa kai. Suka yi ta zagin yaran zamani har Kibiya, kowa na jin daɗin ɗan'uwansa. Ya sauka wandonsa ya manne masa da gumi, bai kawo komai a ransa ba. Jama'a, wani lokacin abu na ƙarƙashin mutum yana zaune a kai, yana neman sa a garin wasu.

Ɗanladi gajere ne mai yawan dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki. Har yanzu haushin cin da aka yi musu ran Lahadi bai sake shi ba. Sufeto ya ciro katin mai leda daga jaka ya ajiye masa.

"Ka san wannan?"

"Ban taɓa ganin sa ba."

"Ka duba dai."

"Yallaɓai, irinsa dubu ne a Kano."

"Ba a Kano muke ba. Masu saka shi ku biyu ne, ɗaya yana bayan kanta kuma ba ya barin leda. An ci ku a gasa a shagonka, a gaban 'yan garinku. Washegari katin da ya ci ku ya ɓata. In kai ne alƙali, wa za ka kama?"

Dariyar ta ɗauke. "Wallahi ban taɓa akwatin Khalid ba!"

"Ban tambaye ka akwati ba. Ɗauko hularka, gobe ku je kotun tare."

Ɗanladi ya leƙa waje, ya dawo, ya rage murya. "Ni na saka shi. Shekara biyu ke nan. Wani ne ya aike ni Kano na haɗo masa kwamfuta sukutum, amma sai da ya sa na rantse ba zan faɗi sunansa ba. Babban mutum ne, yallaɓai, in aka ji ya shiga uku."

"Me ya sa ka bar ledar?"

"Ni na bari? Har na kama bakinta zan ja ya buge mini hannu. Na ce za ta tara zafi. Ya ce shi abu da ledarsa ake sanin darajarsa."

A hankali Sufeto ya kai hannu baya ya ɓamɓare wandonsa daga jikinsa.

"Riƙe rantsuwarka," ya ce. "Ba ka faɗi suna ba."

*

Gidan Alhaji Bappa yana bayan kasuwar Kibiya. Maigidan ya juya Rano da fasinja, sai Hajiya Fulera uwargidansa ta fito zaure da mayafi. Ita kuwa Hajiya Fulera, in ka tambaye ta hanyar rijiya sai ta haɗa maka da tarihin wanda ya haƙa.

"Wancan ɗakin na jikin zaure, na wane ne, Hajiya?"

"Ɗakin lazimin Alhaji ne. Kullum in ya dawo la'asar sai ya shige ya datse. Shekara biyu ko shara bai bari na yi ba."

"Lazimi yake yi?"

"Haka ya ce, ɗan nan. Amma ni tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin lazimi da hon ba."

"Hon?"

"Hon na tirela! Da ƙugin inji. Wani sa'in har wata mata nake ji tana yi masa Turanci, yana ce mata to, to, na gani. Na kai maganar wurin malam, ya ce aljanar hanya ce ta biyo shi, ya ba ni turare. Na yi ta turarawa, ko gezau."

"Har yanzu kina jin ta?"

"To ai abin mamakin ke nan. Tun ran Lahadi ta yi shiru. Sai inji ya tashi, kafin ka ce kwabo ya mutu, sai in ji Alhaji yana salati. Abinci ma ba ya ci. Shekaranjiya kuma ya aiko wai in ba shi sabuwar leda, har da wadda nake ajiyar atamfata."

Sufeto ya fita waje ya kira Kofur Mahdi a waya. Ya ce in motar ofis ta dawo, a taho da Khalid da akwatinsa, a taho da Dalhatu.

La'asar sakaliya Alhaji Bappa ya faka a ƙofar gida. Ya ga motar 'yan sanda, ya ga Dalhatu a tsaye ba hula. Carbin hannunsa ya tsaya.

"Alhaji, a buɗe mana ɗakin lazimi."

"Sufeto, wurin ibada ne."

"Da alwalarmu."

Ya daɗe yana laluben makulli a aljihun da babu makulli. Daga ƙarshe ya buɗe.

Kujerar mota ce a tsakiyar ɗaki, an ɗaure ta a kan katako. Gabanta sitiyari, ƙasa totur da birki, gefe giya, sai allo mai faɗi. Komai cikin leda. Hajiya Fulera ta leƙo ta bayan Kofur, ta ce, "La'ilaha! Ina aljanar?"

Dalhatu ya durƙusa ya kwance murfin kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur. Ya ɗago ya dubi Khalid, ya rasa ko dariya zai yi ko kuka. Sabon katin na ciki, an naɗe shi tsaf da ledar atamfa, an bi da salatif, fankokin nan uku ko motsi ba sa iya yi.

"Katina!" Khalid ya dafe ƙirji. "Baba, kashe shi za ka yi?"

"Ƙura nake kare masa," in ji Alhaji Bappa a sanyaye. "Na gan shi tsirara."

"Ga akwatin wutarka ƙarami," in ji Dalhatu. "Ko ba leda ba zai ja shi ba. Na da ne daidai da kayanka, Baba. Wannan ya fi ƙarfinsu."

Alhaji Bappa ya zauna a bakin katakon, ya cire hula.

"Zan faɗa, Sufeto, ba sai an tambaye ni ba. Shekara talatin da huɗu ina hanya ɗaya. Na san kowane rami da sunansa. Burina tun ina yaron mota in ja tirela in ga ƙarshen titi, Allah bai ba ni ba. Sai na ga wasan nan a shagon Ɗanladi. Titi sumul, duwatsu, gada a kan teku, babu mai ce maka matsa in sa akuyata. Na ce a haɗo mini. Wa zan faɗa wa? Mutumin da ke jan salla a tasha?"

"Katin fa?"

"Nawa yana yi, ban raina masa ba. Sai dai in ruwan sama ya sauko a wasan, sai hoto ya riƙa cijewa, ruwan kamar ana watsa tsakuwa. Ran Lahadi bayan gasa yaran suka sa wasan tirela a kwamfutar Khalid, ina bakin ƙofa ina yi musu faɗa. Sai aka yi ruwa." Ya lumshe ido. "Sufeto, ɗigo na gangarowa a gilashi ɗaya bayan ɗaya. Fitilar motar baya tana rawa a madubi. Har ƙamshin ƙasa na ji. Sai kuma aka miƙo mini akwatin aka ce in kwana da shi."

"Sai ka buɗe."

"Na ce aro, kwana ɗaya. Noti huɗu ne, ni da nake sauke injin mota da hannuna. Na zaci tunda kamarsu ɗaya ba za a gane da wuri ba, in ya sake ba ni saƙo in mayar."

"Ka ga ruwan?"

Alhaji Bappa ya girgiza kai. "Ko tasha ban fita ba. Da na taka totur sai ta mutu."

"Amma jiya ka ga Dalhatu a bayan kanta. Ka san gobe sunan ɗansa."

"Na sani."

"Ka je har wurinsa, ba don ka fitar da shi da gaskiya ba, sai don ya faɗa maka yadda za ka gyara."

Alhaji Bappa ya sunkuyar da kai. Hajiya Fulera ma, wadda ba a taɓa jin bakinta ya mutu ba, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Sufeto ya ce doka sai an tabbatar kayan su ne. Dalhatu ya warware ledar a hankali, ya mayar da katin cikin akwatin Khalid, ya jona allo da sitiyarin ɗakin. Aka ta da janareta. Tirela ta bayyana a bakin wani titi, hadari ya haɗo. A kusurwar allo lamba ta fito: ɗari da sha takwas.

"Shi ne!" in ji Khalid. "Yallaɓai ka gani? Ka ga bambancin?"

Sufeto ya karkata kai dama, ya karkata hagu. "Na ga lambar dai ta ƙaru."

Khalid ya kai hannu zai kashe. Dalhatu ya riƙe shi.

"Bari Baba ya ja. A kan siminti na kwana saboda ruwan nan. Gara dai wani ya gan shi."

Alhaji Bappa ya dubi Dalhatu. Ya hau kujera, ya yi bismilla, ya duba madubi, ya sa sigina, ya hau titi. Ruwa ya sauko. Waifa ta shiga kaiwa da komowa, ɗigo na gangarowa. Muryar matar nan mai nuna hanya a wasan ta yi Turancinta, Hajiya Fulera ta ce, "Ga ta nan, munafuka!" Babu wanda ya yi dariya sosai, don hawaye ne ke bin gemun tsohon, yana tuƙi da hannu biyu kamar ya ɗauko amarya.

Bai fi minti biyar ba ya sake sa sigina, ya gangara gefen titi, ya ja birkin hannu, ya kashe inji. Ya miƙe ya miƙa wa Kofur Mahdi hannuwansa.

"Bar ankwar," in ji Sufeto. "Ba zai gudu ba."

A ƙofar gida Sufeto ya kira ofis ya yi bayani, sannan ya ciro hular Dalhatu daga mota ya miƙa masa.

"Jeka. Ka gaida maijego."

"Rago ma ban kai gida ba, ranka ya daɗe."

Khalid yana ta sosa ƙeya. "Bari in aro babur ɗin Ɗanladi mu je, ni zan riƙe maka ragon. Ka yafe ni, Dalhatu."

"Sai ka zo da sassafe ka shimfiɗa tabarmi, sannan mu yi maganar yafiya."

Suka tafi, Dalhatu na gyara zaman hularsa.

Kofur Mahdi ya buɗe wa Alhaji Bappa ƙofar motar ofis. Mutanen kasuwa sun taru, kowa na tambayar kowa me aka sata, masu cewa tirela, masu cewa aljana. Tsohon ya sa ƙafa zai shiga, sai ya tsaya yana duban kujerar. Ta yage, soso ya leƙo ta ko'ina.

Ya girgiza kai, ya dubi Sufeto.

"Ka gani ko? Da kun bar mata ledarta."